Kayan adon gado: a kai gwanjon Turai ko a sayar a gida?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Kin ce ta bar sarƙoƙin gwal da awarwaro, da kwandagar azurfa, da murjani, da liyari masu ɗauke da shekarar 1780, kuma ƙaninki ya gani a intanet ana sayar da tsofaffin kayan ado miliyoyin daloli a gwanjon Turai, shi ne kike tambaya ko ku ma ku aika can kafin a raba gado. Na daɗe ina harkar gwal a nan Bauchi, kayan gado da yawa sun bi ta hannuna, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Abin da ƙaninki ya gani gaskiya ne. A 2018 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon wani abin wuya na Marie Antoinette, sarauniyar Faransa da aka kashe a 1793, a birnin Janiba, aka saye shi kimanin dala miliyan 36. Amma sunan mai shi aka saya, da takardun da suka nuna hannun da ya bi tun daga ita. Su Sotheby's da Christie's abin da suke nema ke nan: tambarin maƙeri sananne irin Cartier, ko dutse mai takardar shaida, ko tarihi rubutacce. Sarƙar da Inna ta sayo a Makka ko Dubai, komai kyanta, nauyinta ne kuɗinta. In ma sun karɓa, za su cire la'adarsu, ku biya kuɗin aikawa da inshora, mai saye kuma a ɗora masa sama da kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ya taya, shi ya sa yake taya ƙasa. Kuɗin ma sai bayan makonni.

Liyarin nan kuwa, kar shekarar ta ruɗe ku. Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya da hotonta yake jikin liyarin, ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har zamaninmu, miliyoyi barkatai. Na gaske yana kai kusan giram 28, azurfarsa 833 cikin dubu. In an liƙa masa zobe don ratayawa, kamar yadda iyayenmu suke yi, masu tara tsofaffin kuɗi ba sa ɗokinsa.

Gwal ɗin shi ne mai sauƙi. Ki juya maƙullin sarƙar, za ki ga 'yar lamba ƙarama, wani lokaci sai da tabarau: 916 karat 22 ke nan, 875 karat 21, 750 karat 18. Kar a tsaya ga lambar kaɗai, don ana buga ta a jikin jabu. A goga a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji a gabanki, a cire duwatsu da zare kafin a ɗora a sikeli, a auna a shago biyu ko uku, kuma ki san farashin giram na ranar tun kafin ki fita gida. In za a sayar, hannu da hannu. Ban da "kawo gwal, jibi ki zo ki karɓi kuɗi", shari'a ma ba ta yarda ba.

Inda zuciyata take shi ne kwandagar da murjanin. Mai sayen azurfa a kilo zai ba ku kuɗi kaɗan ya jefa a wuta, aikin maƙerin fari da ya zauna ya zana da hannu ya tafi ke nan, kuma masu irin wannan hannun sun yi ƙaranci. Na taɓa riƙe wata kwandaga da cikinta ya yi sumul saboda daɗewa a hannun mai ita, zanen waje kuma yana nan daram. Washegari an narkar da ita. Don Allah kar ku goge ta da toka ko omo wai don ta yi haske, baƙin da ya kwanta cikin zanen yana daga abin da masu sanin kaya suke dubawa. Murjani na gaske yana da sanyi da nauyi a tafin hannu, na roba kuwa allura mai zafi tana shigarsa. Sannan akwai doka tun 1979: aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 ba ya fita ƙasa sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

Shawarata, ku yi gwanjon a tsakaninku. A samu amintattu biyu su yi wa kowane abu kuɗi a gaban malamin da zai raba gado, a rubuta. Wanda yake son abu cikin magada ya taya, wani ya ƙara in yana so, a cire daga rabonsa. Gwanjo halal ne, abin da aka hana shi ne mutum ya ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, don kawai ya tsawwala wa ɗan'uwansa. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, a tabbatar waliyyinsu yana wurin ranar awo, kuma a ba shi kwafin takardar.