Kwamitin Yamai ya amince, to mi muke jira a Tawa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Lokotoro. Ni ungozoma ce a wata CSI nan jihar Tawa, an ɗauke mu aikin wani bincike kan maganin ƙarancin jini ga mata masu ciki, wuri huɗu za a yi shi, Yamai da Tawa da Maradi sai wani asibiti a Kano. Mun yi formasiyon tun kafin damina, kaya sun iso, kwamitin ɗa'a na ƙasa ya sa hannu amma har yau ba mu ɗauki mace ko guda ba, wai kwamitin Kano ya ce a gyara takardar yarda, na jami'ar Turawan da ke riƙe da aikin shi ma bai gama ba. Matan da munka yi ma bayani kullum suna tambaya, shef ɗinmu kuma ya ce mu fara ɗibar jini tunda namu na Nijar ya yarda. Dan Allah mu fara ko mu dakata? kuma mi ya sa kwamiti guda bai isa, ba duk aikin guda ba ne?

Ungozoma, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Ki dakata, kada ki ɗibi jinin kowa. Ɗibar jini don a ga ko mace ta cancanci shiga, shi ma binciken ne ya fara, ba share fage ba ne.

Shef ɗinki dai bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Jinkirin Kano shi kaɗai ba ya ɗaure Tawa, kowace ƙasa da hukumominta, mu nan CNERS ne, wato kwamitin ɗa'a na ƙasa, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, su can akwai kwamitin asibitin da NHREC, kwamitin ɗa'a na ƙasar Najeriya, da kuma NAFDAC ta fannin magani. Amma sa hannun CNERS ba shi ne ƙarshe ba. Sai hukumar magunguna ta ba da izini tunda magani za a gwada, sai kwamitin masu ɗaukar nauyin aikin ya gama nasa, sannan su aiko muku da wasiƙa a rubuce cewa an buɗe wurinku. Ki ce shef ya nuna miki wannan wasiƙar, in babu ita duk jinin da aka ɗiba ana iya zubar da sakamakonsa, an soki baiwar Allah da allura a banza kenan, sunanki ne kuma a kan takardar ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki gyaran nan ne na Kano. Ki bincika mi suka ce a gyara. In lambar wayar da za a kira ce ko kuɗin mota a naira maimakon sefa, wannan nasu ne su kaɗai. Amma in sun ce a ƙara faɗa wa mata wata illar maganin, ko a rage yawan jinin da za a ɗiba, to gyaran ya taɓa furotokol ɗin kansa, wato tsarin binciken da aka rubuta, dole ya dawo Yamai a sake duba shi, ku kuma takardar da ke hannunku ta zama tsohuwa. Nan ne bincike mai wurare da yawa yake yawan lalacewa, ba wajen manyan abubuwa ba, sai ka tarar Maradi na amfani da bersiyon na 2, Tawa na 3, Kano na 4, mace a wani gari an gaya mata abin da aka ɓoye wa ƴar'uwarta a wani garin ba da niyya ba. Shi ya sa kowane shafi ya kamata ya ɗauki lambar bersiyon da kwanan wata a ƙasansa, mutum guda kuma a Yamai ya riƙe dosiye yana da jadawalin wane kwamiti ya amince da wace takarda, yaushe, kuma yaushe izinin zai ƙare tunda galibi duk shekara ake sabunta shi.

Maganar kwamiti guda kuwa, wlh ba ke kaɗai kike wannan ƙorafin ba. A Amurka tun Janairun 2018 hukumar binciken lafiya ta NIH ta ce binciken da take biya in a wurare da yawa ne cikin ƙasar, kwamiti guda ya duba sauran su dogara da shi, amma dokar ba ta haɗa da wuraren da ke ƙasashen waje ba. A Afirka akwai dandalin AVAREF da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta kafa a 2006, masu duba ɗa'a da hukumomin magani na ƙasashe su zauna tebur guda su karanta dosiye tare su aika wa mai bincike tambayoyinsu a dunƙule, an yi haka lokacin allurar Ebola a 2014, duk da haka kowace ƙasa ita ke komawa gida ta sa hannun ƙarshe. A ganina wannan ne daidai. Lissafin yawan mutanen da za a ɗauka da ƙa'idar yawan magani ba sai an karanta su sau huɗu ba, ɓata lokaci ne, amma kwamitin da ke zaune a Turai ba zai san cewa a ƙauyen Adar mace ba za ta ce to ba sai ta ji ta bakin maigida, ko cewa takardar Faransanci ba ta da amfani ga mai jin Hausa ko Tamajaq kaɗai, ko cewa wadda ba ta karatu sai an samo shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ya zauna a karanta mata kafin ta dangwala yatsa. Yardar maigida fa ba ta maye gurbin tata, wannan ma sai ɗan gida ya tsaya a kai.

Kuma bincike mai ƙasashe da yawa ana yin sa ai. Binciken MORDOR da aka gwada maganin azitromisin ga yara an yi shi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, namu a jihar Dosso, kowace ƙasa ta bi kwamitinta, da sakamako ya fito a 2018 raguwar mutuwar yara a Nijar ta kai kusan 18 cikin 100, ta fi ta sauran. Kada kuma ki ga laifin Kanawa in sun tsananta, a 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin magani na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa yara kusan 200, 11 daga cikin yaran gwajin suka rasu, aka yi ta zargin cewa wasiƙar amincewar ma daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Matan da ke tambayarki ki faɗa musu gaskiya ba a buɗe ba tukuna, awon ciki da ƙwayoyin ƙarin jini da suka saba karɓa su ci gaba, ba su da alaƙa da binciken. Ke kuma ki rubuta wa mai kula da aikin a Yamai ta mel, ba WhatsApp ba don ya zama kina da shaida, ki tambaye shi wace bersiyon ce CNERS ya amince da ita, ko gyaran Kano ya shafe ku, da lambar wa za ki kira cikin awa 24 in wata mata ta samu matsala mai tsanani bayan an fara.