Amsa ga ƙanwarmu mai shirin zuwa Porto Cervo

Ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye abin da nake yi. Kin ce oga ya bar miki zaɓin wurin hutu, hotunan Porto Cervo, garin shaƙatawan nan na bakin teku a tsibirin Sardiniya na Italiya, sun tafi da imaninki, amma kina fargabar yadda za a kalli hijabinki, da abin da za ku ci, da ko kuɗin da kuka ware zai kai ku a watan Agusta. Duk na kwana da wannan fargabar kafin mu je, kuma ɗaya daga ciki sai da ta tabbata a kaina.

Agustan nan dai, don Allah in da hali ku ɗaga. Ranar 15 ga wata suke bikin Ferragosto, Italiya kaf ta kwashe ta koma bakin teku, komai ya ninka kuɗi, wurin ajiye mota ma ya zama abin faɗa. Ku je a Yuni ko Satumba. A Satumba ruwan na nan da ɗuminsa, mutane kuma sun ragu.

Kyau kam akwai shi, ba zan rage masa komai ba. Ruwa kore shar, kina tsaye ya kai miki ƙirji amma kina ganin yatsun ƙafarki. Sai dai ki sani wurin da gangan aka gina shi don masu abin hannu. Aga Khan, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya na lokacin, shi ne da abokansa attajirai suka sayi gaɓar nan ta arewa maso gabashin Sardiniya a hannun makiyaya, suka kafa ƙungiyarsu a 1962, suka tsara garin tun daga tushe. A 2012 kuma Katar ta sayi manyan otel-otel ɗin, irin su Cala di Volpe. To wanda ya sauko daga jirgin ruwansa na kansa ba ya tambayar kuɗin shayi, kuma da shi ake auna farashin da za a ba ki.

Ga abin da ya same ni. Mun biya kuɗin laima da gadajen kwanciya a wani wurin shaƙatawa na bakin ruwa, tun da dare ta waya, kuɗin da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Abban yara ya sauke mu ya tafi neman inda zai ajiye mota. Na sauko da 'yata, ina cikin doguwar abaya, da ƙatuwar jaka a kafaɗa cike da tawul da gyale. Ban kai ga laimarmu ba wani saurayi ma'aikacin wurin, da farar rigarsa, ya tare min hanya yana kaɗa hannu kamar mai korar kaji daga shanya. "No, no, via!" Wai shi ya ɗauka talla na kawo. Na ciro waya ina nuna masa rasit, ko kallon wayar bai yi ba, sai nuna min hanyar fita yake yi da baki. Mutane suka fara ɗago kai, wata tsohuwa har da sauke tabarau don ta gani da kyau. Ba wanda ya ce uffan. 'Yata ta riƙe min gefen abaya ta ce, "Mama, me muka yi?" Wallahi wannan tambayar ta fi komai ƙona min rai. Ina tsaye cikin rana, yashi na ƙona min ƙafa ta cikin silifas, ga Italiyanci ban iya ba balle in wanke shi tas. Da oga ya iso ya nemi manaja, nan da nan aka hau ba da haƙuri na fatar baki, aka kawo lemo wai kyauta. Ban sha ba. Shi kuwa yaron ko a jikinsa, ya ci gaba da jera tawul yana dariya da abokinsa, ya wuce ta gabana ya fi a ƙirga bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Talla ba abin kunya ba ne, da ita aka rene mu. Wulaƙancin ne ya tsaya min a wuya, kuma na bar shi da Allah, don har yau in na rufe ido ina ganin hannun nan nasa.

Abin mamaki, wanda ya sanyaya min zuciya ranar mai tallan ne na gaske, wani dattijo ɗan Senegal da ke yawo da gyale da tabarau. Ya ga duk abin da ya faru. Ya zo ya yi min sallama cikakkiya, ya ce in yi haƙuri, su kullum haka suke sha. Shi ya kwatanta mana shagon wani ɗan Maroko a Olbia, garin da filin jirgin yankin yake, inda muka riƙa sayen naman halal. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Kada wannan ya sa ki cire hijabinki. A cikin garin za ki ga matan Larabawa da abayoyinsu suna shiga manyan shaguna ana buɗe musu ƙofa. Ni dai shawarata, irin wuraren nan na biya ku shiga tare da oga, rasit a hannu. Ko ma ku huta da su gaba ɗaya, ku sayi laimarku ku tafi inda kowa ke shimfiɗa tawul kyauta, kamar Liscia Ruja ko Capriccioli, amma ku yi sammako. Na shiga ruwa da kayan ninƙaya masu rufe jiki, an kalle ni, ba wanda ya hana ni. Sai dai ki shirya wa idon maigida, don wasu matan can abin da suke sawa bai kai hankici ba, wasu ma saman babu komai. Ki zaunar da shi yana fuskantar duwatsu.

Abinci kuwa ki buɗe ido. Abin alfaharinsu gasasshen ɗan alade ne, porceddu, wannan a fili yake. Wanda ke ɓoye shi ne kitsen alade, strutto, da suke kwaɓa fulawa da shi. Akwai wani soyayyen abu mai cuku da zuma, seadas, yana da jan ido, galibi da kitsen nan ake yin sa. Ki haddace "senza maiale" (ban da alade) da "senza vino" (ban da giya), don giya ma suna zuba ta a miyar kifi. Kifin kuma ki lura, sau da yawa kuɗin da ke rubuce na giram 100 ne, sai an auna kifin gaba ɗaya ki ji jiki. Ga coperto, kuɗin zama da ake ɗora wa kowane kai. Ki tafi da yajinki. Amma kilishi da dambun nama ki bar su a gida, an hana shiga Turai da nama.

Wurin kwana ku nemi gida mai kicin a garuruwan da ke kusa, Cannigione ko Arzachena, ku riƙa zuwa Porto Cervo da yamma kallon jiragen ruwa, ku sha askirim ku dawo. Daga filin jirgin Olbia kusan kilomita 30 ne, kuma ba mota ba rayuwa, tasi zai ƙarar da ku. Masu ba da hayar mota katin bashi suke so su riƙe kuɗin ajiya a kai, ku tanada, ku kuma ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ku tayar. In kuna nan ranar Alhamis ku leƙa kasuwar San Pantaleo, ni ta fi min garin masu kuɗin daɗi.

Au, na kusa mantawa, ki ja wa yara kunne kada su cika gora da yashi ko ƙananan duwatsu wai tsaraba. Doka ce tun 2017, tara daga yuro 500 zuwa 3,000, kuma suna duba jaka a filin jirgi. Buta kuma ba sai kin ɗauka ba, bayin gidajensu akwai wurin tsarki a gefe, amma in za ku bakin ruwa ki jefa gorar ruwa guda a jaka.