Amsa: Ko halartar taron sake fasalin unguwa yana da amfani?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai amfanin zuwa taron jin ra'ayi tunda hukuma ta riga ta ce za ta sake fasalin unguwarku. Akwai ƙwarai. A birnin New York, matsin lambar mazauna ne ya sa aka fasa babban titin da zai ratsa kudancin Manhattan a 1969. Amma ku shiga da wuri, tun tsarin yana kan takarda. In an ba ɗan kwangila aiki, bakin alƙalami ya bushe.

Abin da za ku fi sa wa ido shi ne rabon filaye: ina aka ware wa gidaje, ina kasuwanci, bene hawa nawa aka yarda a gina. A ganina nan ake yanke makomar unguwa, domin da zarar an halatta manyan gine-gine, darajar fili za ta tashi, kuɗin haya ya bi ta, masu ƙaramin ƙarfi su fara haɗa kayansu.

Ku tambayi batun magudanar ruwa da diyya, ku miƙa buƙatunku a rubuce da murya ɗaya. Don Allah ku sa 'yan haya cikin kwamitinku, domin galibi masu takardar fili kaɗai ake biya.