Durom ɗin sifirit a ɗakin ajiya: Hajiya, a dakata tukuna

Wata Hajiya mai haɗa humra da turaren wuta a gidanta a Jidda ta aiko tambaya. Dillali ya yi mata tayin ragi mai tsoka idan ta ɗauki durom na sifirit mai lita 200 maimakon jarka-jarka da ta saba saye. Ɗakin ajiyarta kuwa bango ɗaya ne da kicin da take soya itacen turare a kan gas. Shin ta saya?

Hajiya, kada ki saya, matuƙar a wannan ɗakin za ki ajiye shi.

Masu kula da lafiyar masana'antu kan auna mafi ƙarancin zafin da ruwa zai fara fitar da tiririn da zai kama wuta. Na itanol, wato sifirit ɗin da kike aiki da shi, kusan digiri 13 ne kacal a ma'aunin Celsius. Ke kin san zafin Jidda, ko a lokacin sanyi ya haura haka. Kenan duk sa'ad da kika buɗe murfi, tiriri ya riga ya fita. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi murhu. Idan ya kai kashi uku da ɗan doriya cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyallin makunnin fitila ya isa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne harshen wutarsa ba ya fitowa sosai da rana, sai mayafi ya kama kafin a ankara.

Gobara na buƙatar makamashi, iska da zafi. A gidanki ukun sun zama maƙwabta. Ki tuna gobarar Mina ta 1997, wadda tukunyar gas ta tayar, aka rasa alhazai sama da 300.

Mu koma lissafi. Ragin dillali sau ɗaya za ki ci shi, amma jarinki ya kwanta a durom wata da watanni, haɗarin kuma kullum yana kwana da ke da yara. A masana'antu ƙa'idar farko ita ce a rage yawan abin da aka tara. Ki ci gaba da sayen na mako biyu, ki ajiye a rufe ruf, nesa da kicin, inda iska ke shiga da fita. Ki sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, ki rataye ta bakin ƙofa, ba can cikin ƙurya ba. Kada ki sayi mai kumfa, domin kumfa na gama-gari sifirit na narkar da shi. Lambar wayar Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara ta Saudiyya, ita ce 998, ko 911.

Idan ciniki ya kai ga durom, to ya kai ga shago mai lasisi. Ki haɗa hannu da abokan sana'a biyu ko uku, ku kama wuri, ku nemi izinin Difa'ul Madani ta manhajar Salama, sannan ki koma wa dillalin da maganar ragi.