Tambaya da Amsa: Yadda Cocin Ramseyer na Adum Ya Kafu

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni mai sayar da atamfa ce a Adum, kuma shekara da shekaru nake wucewa ta gaban cocin Ramseyer. Maƙwabciyata a kasuwa, wadda can take zuwa sujada, ta ce wanda ya kafa shi ya taɓa zama fursuna a hannun Tonawa, wato mutanen Asante. Ni Musulma ce, amma ina son sanin tarihin garin da aka haife ni. Shin gaskiya ne, kuma yaya aka yi cocin ya bunƙasa haka? Daga wata mai karatu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki. Fritz Ramseyer mutumin Suwizalan ne, ɗan mishan na ƙungiyar Basel, wadda ta fara aiki a Osu a 1828. A 1869 mayaƙan Asante ƙarƙashin Adu Bofo suka kama shi a Anum, tare da matarsa Rosa da jaririnsu da abokin aikinsa Johannes Kühne, aka taso su a ƙafa zuwa Kumasi. Jaririn ma a hanya ya rasu. Sun haura shekara huɗu a tsare a zamanin Sarki Kofi Karikari, sai a farkon 1874, da sojojin Ingila suka doso garin, aka sallame su.

Da wani ne, da ya ce shi da Kumasi har abada. Shi kuwa sai ya je ya kafa tashar mishan a Abetifi, kan duwatsun Kwahu, a 1876, ya zauna yana jiran ranar komawa. Ranar ba ta zo ba sai a 1896, bayan Turawa sun kama Sarki Prempeh na Ɗaya. Wannan ya sa Tonawa da yawa suka riƙa kallon mishan a matsayin abin da ya biyo bayan bindiga, kuma ban ga laifinsu ba. Da yaƙin Yaa Asantewaa ya ɓarke a 1900, an lalata gine-ginen mishan, Ramseyer da matarsa suka fake a sansanin sojan Ingila na Kumasi, daga bisani suka fice tare da Gwamna Hodgson cikin rakiyar sojojin da ake kira Hausawa. Kin ga ke nan tarihin Zango da na wannan coci sun haɗu tun a wancan lokaci. Ya sake dawowa bayan yaƙin, aka gina majami'a a 1907, kuma bayan rasuwarsa a 1914 aka raɗa mata sunansa.

Game da bunƙasar cocin kuwa, a ganina sunan Bature ne a jikin bango, amma 'yan ƙasa ne suka ɗauki nauyin. Malaman makaranta da katikis, wato masu koyar da addinin Kirista, daga Akuapem su ne suka shiga ƙauyuka suna koyar da yara karatu da Tonanci, domin Johann Christaller ya riga ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen tun 1871. Ɗaya daga cikin malaman nan, Samuel Otu, an kashe shi a Techimantia a rikicin 1900, kuma har yau akwai makarantar sakandare mai sunansa a can. Iyayen da ba su damu da wa'azi ba sun damu da ɗansu ya iya rubutu da lissafi, ya samu aikin akawu. Ta ƙofar aji mutane da yawa suka shiga ikilisiya.

Sai kuma jirgin ƙasa, wanda ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, da kuɗin koko, suka cika Adum da baƙi, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda cikinsu akwai Kiristoci tun daga garuruwansu. Baikonsu, wato kuɗin da suke bayarwa a majami'a, shi ne ya riƙe cocin. Aka zo Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta kori 'yan mishan na Basel daga ƙasar, 'yan Sikotilan suka zo taimako, amma jagoranci ya fara komawa hannun fastocin gida: a taron Akropong na 1918 aka zaɓi Peter Hall shugaba na farko, a 1926 kuma aka ɗauki sunan Presbyterian.

Daga nan, duk unguwar da masu bi suka yi yawa, sai su fara taron addu'a a gidan wani dattijo ko a ajin makaranta, zumuntar mata ta tara kuɗin bulo da kwano, har a turo musu fasto. In kin tambayi maƙwabciyarki inda 'yan'uwanta na Bantama ko Asafo suke sujada, za ta lissafa miki majami'u irin waɗannan.