Filin Amsa Tambayoyinku: Taron Mako-mako na Rotary da Aikin Kiwon Lafiyar Jama'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana da nake tsare wa shago a Kantin Kwari ɗan ƙungiyar Rotary ne, kuma kowane mako sai ya bar kasuwa ya tafi taronsu a wani otal. Kwanan nan ya ce in raka shi. Wasu abokaina suna cewa cin abinci ne kawai na masu hali, wasu kuma suna cewa ƙungiyar asiri ce. Don Allah me ake yi a wurin, kuma wane amfani take yi wa talaka?
Daga wani mai karatu, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka amsa gayyatar maigidanka, domin taron ba a ɓoye ake yin sa ba, kuma zuwa da baƙo yana cikin al'adar ƙungiyar. Rotary ƙungiya ce ta 'yan kasuwa da ƙwararru masu aikin taimakon jama'a. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta a birnin Cikago na Amurka a 1905, kuma ba baƙuwa ba ce a garinku, domin a Kano aka buɗe reshenta na farko a Nijeriya a 1961, kafin na Legas da na Ibadan. Daga wannan reshe ne kuma lauya Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama shugabanta na duniya daga 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami.

Abin da za ka gani ba shi da yawa. Shugaba zai kaɗa ƙararrawa a buɗe taro, a gabatar da baƙi, kwamitoci su kawo rahoto, sannan galibi a ba wani masani, ko likita ko injiniyan ruwa, ɗan lokaci ya yi bayani a kan fanninsa. Ana cin abinci, wannan gaskiya ne, kuma kuɗin zama ɗan ƙungiya ba na kowa da kowa ba ne, don haka abokanka ba su yi ƙarya ba da suka ce masu hali sun fi yawa. Batun hukuncin addini kuwa, malamai sun saɓa a kansa, kuma malamin da ka amince da shi ne ya dace ka tambaya, bayan ka je ka gani da idonka.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne rahoton kwamitoci, domin a nan ne amfanin haɗuwa a kai a kai yake. Aikin lafiya ba ya ƙarewa ranar da aka yanka kintinkiri aka ɗauki hoto. Rijiyar burtsatse tana iya lalacewa bayan wata shida, wanda aka auna aka samu yana da hawan jini yana buƙatar magani har iya rayuwarsa, gidan sauron da aka raba kuma wani lokaci a lambu ake ganin sa an kewaye shuka da shi. Mutanen da suke haɗuwa kowane mako suna da damar tambayar juna ina aka kwana, wa ya je ya duba, nawa aka kashe. Idan ka ji ana irin waɗannan tambayoyi, to reshen maigidanka yana aiki. Idan kuwa jawabi ne da tafi kaɗai, ka faɗa masa hakan cikin ladabi.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ina cikin masu zagayen ɗiga wa yara maganin shan inna. Iyaye suna tare mu da cewa tun 2020 aka ce cutar ta ƙare, me ya sa har yanzu muke damun su? Kuma wace rawa 'yan Rotary da muke gani da riguna a ranar ƙaddamarwa suke takawa?
Daga wata 'yar uwa, Sakkwato.

AMSA: Malama, Allah ya saka muku da alheri, domin ku ne kuke shan rana da baƙar magana a ƙofofin gidaje. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ranar 25 ga Agusta, 2020 shi ne cewa ainihin ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka, bayan an shekara huɗu ba a sake ganin ta ba tun daga yaran da ta kama a Jihar Borno a 2016. Amma akwai wani nau'i da ya rage, kuma ya kamata a yi wa iyaye bayaninsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Maganin da kuke ɗigawa yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, wadda take fita ta bayan gida. A unguwar da kusan kowane yaro ya samu rigakafi, nan take mutuwa. A inda aka tsallake yara da yawa kuwa, ga ƙarancin masai da tsabtataccen ruwa, sai ta yi ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan na tsawon lokaci har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafar wanda bai samu rigakafi ba. Wannan ne ake fama da shi a jihohin arewa maso yamma, har da taku, kuma saboda shi ne aka fara amfani da sabon nau'in maganin a Nijeriya a 2021, wanda aka tsara yadda zai yi wuya ya rikiɗe. Ke nan gidan da ya hana ku shiga yana cikin dalilan da suka sa kuke komawa.

Game da Rotary, ita ce ta ƙaddamar da shirin yaƙi da shan inna mai suna PolioPlus a 1985, sannan a 1988 ta haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka a yunƙurin kawar da cutar daga doron ƙasa, a lokacin da take shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Yau Pakistan da Afganistan ne kaɗai ƙwayar ta asali ba ta taɓa yankewa a cikinsu ba. Babban aikin ƙungiyar shi ne tara kuɗi da matsa wa gwamnatoci lamba, kuma Gidauniyar Gates tana ƙara dala biyu a kan kowace dala ɗaya da ta tara. Sai dai adalci ne a faɗi cewa kuɗi kaɗai bai buɗe ƙofofin Arewa ba. Bayan Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 ta dawo da shi a 2004, sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai ne suka dawo da amincewar jama'a, matan da suke ɗaukar akwatin sanyi gida-gida kuma su ne suka biya farashi mafi tsada, kamar ma'aikata tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013.

TAMBAYA: Mu matasa ne a wani ƙaramin gari, ba mu da kuɗin shiga irin wannan ƙungiya, amma muna haɗuwa kowace Asabar. Da wane aiki ya kamata mu fara?
Daga wani ɗalibi, Jihar Jigawa.

AMSA: Ɗana, ku fara da zuwa gaida mai unguwa, sannan ku je wurin shugaban ƙaramin asibitin garinku ku tambaye shi ranar da ake yi wa jarirai allurar rigakafi da unguwannin da ba a kawo yara daga cikinsu. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ta fi kama yaran da ba su samu wannan allura ba, alhali kuwa kyauta ake yin ta. Ku raba layukan garin a tsakaninku, ku yi magana da magidanta a majalisa da masallaci, ku roƙi yayyenku mata da ungozomomi su shiga wurin matan gida. Ku sayi littafi ɗaya, kowace Asabar a rubuta wanda ya ɗauki alkawarin wane layi, Asabar ta gaba kuma a fara taro da karanta sunayen kafin a shiga wata magana.