Yadda ƙananan tsirran teku ke jure ƙarancin fosforas

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda tsirran nan da ido ba ya gani suke rayuwa a Bahar Maliya, alhali ruwan da muke gani a gaɓar Jidda garau yake saboda ƙarancin sinadaran gina jiki. Wani ɓangare na amsar yana cikin fatar da ta lulluɓe ƙwayar halittarsu, wadda da maiƙo aka gina ta.

Wani kaso na wannan maiƙo yana ɗauke da fosforas. Idan fosforas ya yi ƙaranci, ba yadda za a rage shi daga DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, don haka sai halittar ta yi tsiminsa a jikin fata. Irin su Prochlorococcus da Synechococcus, wato waɗanda ba su da cibiya (nucleus) a cikin ƙwayarsu, sukan dogara da maiƙo mai sulfa da sukari a maimakon mai fosforas, kuma sulfa abu ne da teku ke da shi a wadace. Masu cibiya a cikin ƙwayarsu kuwa sukan koma ga maiƙo mai naitirojin. Wani bincike na shekarar 2009 ya nuna wannan musanya a Tekun Sargasso, wani yanki na Tekun Atlantika.

A ganina dabarar sulfa ta fi araha, domin a ruwan da naitirojin ma ya yi ƙaranci, mai dogaro da shi bai tsira daga matsi ba.